Na kai aiki gyaran kala ya dawo a koɗe, furodusa ya riƙe kuɗina

Wani ƙaninmu edita daga Kano ne ya turo wannan:

"Assalamu alaikum Yaya. Ina haɗa bidiyon biki, kuma yanzu na samu aikin wani shiri mai dogon zango da ake ɗorawa a YouTube. A Premiere Pro nake yanka a laftof ɗina na Windows, abokina tun na makaranta shi ke gyaran kala a DaVinci Resolve a kan Mac. Da kyamarar Sony biyu aka ɗauka a S-Log3, wasu wuraren kuma da iPhone. Na tura masa XML na kashi na uku, ya kira ni wai rabin kilif ɗin ja ne babu hoto, wasu sun zame daga inda na yanka, wanda ya samu ya gyara kuma da ya dawo wajena duk ya koɗe. Furodusa ya ce ba zai cika mana kuɗi ba. Na ce laifin abokina ne, ya ce nawa ne, yanzu ko gaisawa ba ma yi. In rabu da shi in riƙa yin kalata a Lumetri, ko in bar Premiere ɗin gaba ɗaya?"

Wa alaikumus salam ƙanina. Kar ka rabu da shi, kuma kar ka canza manhaja a tsakiyar shiri. Zan gaya maka gaskiya ko ba za ta yi daɗi ba, cikin matsaloli ukun da ka lissafo biyu daga wajenka suka taso, ta ukun ce kawai kuka yi tarayya a ciki, kuma dukkansu a wajen miƙa aiki suka faru, ba a hannun mai kala ba, ba kuma a idonsa ba.

Mu fara da XML ɗin nan da kowa ke turawa kamar shi ne fim ɗin. Babu hoto ko ɗaya a cikinsa fa. Kamar takardar awon tela yake, an rubuta tsawo da faɗi da inda za a yanka, amma yadin yana wani wuri, in ka ba tela takarda ka ba shi yadin wani to abin da zai ɗinko ba naka ba ne. Abin da XML ke faɗa wa Resolve shi ne ɗauko fayil mai suna kaza, fara daga firam kaza, tsaya a firam kaza, ajiye shi a layi na kaza. Shikenan. Kuma salon XML ɗin da Premiere ke fitarwa na tsohon Final Cut Pro 7 ne, tsohon yare ne da bai san yawancin abubuwan da Premiere na yanzu ke yi ba. Shi ya sa duk abin da ka yi a Lumetri, wato wurin gyaran kala na Premiere, ba ya tsallakawa, Warp Stabilizer mai hana hoto girgiza ba ya tsallakawa, rubutun da ka ɗora da abin da ka jawo daga After Effects su ma haka, sulomoshin ɗin da ke hawa yana sauka a cikin kilif ɗaya kuma sau da yawa yakan iso a karkace.

To jan allon nan daga ina? Ka ce Sony biyu ne. Ina da yaƙinin in ka buɗe foldar kyamara ta ɗaya za ka ga C0001.MP4, ka buɗe ta biyu ka sake ganin C0001.MP4, ranar ɗauka ta biyu in an goge kati lamba ta koma farko nan ma C0001. Premiere ɗinka ya san wanne ne wanne saboda ya riƙe hanyar foldar da ke laftof ɗinka, amma da aikin ya koma Mac hanyar ta canza, sai Resolve ya koma neman fayil da suna da taimkod, wato lambar lokacin da ke jikin kowane firam, ya tarar da fayil uku huɗu masu suna ɗaya, wani ya rasa sai ya nuna ja, wani ya ɗauko wanda ba shi ba, sai abokinka ya ga amarya a inda ya kamata ya ga ango. Wannan ba laifinsa ba ne wallahi. Maganinsa tun ranar da aka sauke kati ake yi, kafin fayil ya shiga Premiere, ko dai a saita kowace kyamara ta riƙa sa harafinta a gaban suna, ko a sauya sunayen a sa kwanan wata da harafin kyamara. Yanzu da ka riga ka yanka kar ka taɓa sunayen, za ka ɓata naka aikin ma. Ka kwafe masa foldojin a eksitanal yadda suke a wajenka sak, folda cikin folda, kar ka zube su wuri ɗaya, sannan in ya zo shigo da XML ya fara jawo fayilolin cikin Resolve kowace kyamara da kowace rana a aljihunta daban, in an samu karo ya zaɓa da hannu. Kuma asalin fayilolin kyamara za ka ba shi, ba ƙananan da ka yi don laftof ya daina tsayawa ba.

Zamewar yanka kuma ina zargin iPhone ɗin ne. Waya ba ta riƙe adadin firam daidai kamar kyamara, tana ƙarawa tana ragewa gwargwadon haske da zafin da ta ɗauka, to Premiere ya ƙirga firam ɗin ta hanyarsa, Resolve ya ƙirga ta tasa, a kilif mai tsawo sai ka ga bambancin ya taru har baki ya daina haɗuwa da magana. Duk abin da aka ɗauka da waya a fara juya shi zuwa firam tsayayye, HandBrake da Shutter Encoder duk kyauta ne kuma suna yi, sannan a yanka da wanda aka juya, shi ɗin kuma za a kai wa mai kala. Sai ku tabbatar adadin firam na taimlayin ɗinku, wato layin da ake jera kilif, ɗaya ne, mu nan firam 25 a daƙiƙa muke aiki da shi saboda wutar lantarkinmu mai 50 Hz ce, in kai kana 25 shi ya buɗe furojet a 24 to an gama, kuma Resolve da zarar an shigo da fayil yakan kulle wannan saitin, gara ya buɗe sabon furojet da ya tsaya kokawa da tsohon.

Akwai wani ƙaramin abu da ke cin lokacin mutane, girman hoto. In fayil 4K ne taimlayin kuma 1080, a Premiere akwai zaɓi biyu masu kama da juna, Scale to Frame Size da Set to Frame Size, wanda a sababbin Premiere ake kira Fit to Frame. Na biyun za ka riƙa amfani da shi don shi ne ke rubuta lambar girman a fili yadda XML zai ɗauka, shi kuma abokinka a saitin girman hoto ya zaɓi a bar shi a tsakiya ba tare da an sake ja ba. In ba haka ba sai a rage hoton sau biyu, ko ka ga kan jarumi ya yanke.

Kafin ka fitar da XML ka kwafi taimlayin ɗin ka ba kwafin suna daban, a kan kwafin za ka yi shara. Sauko da komai layi ɗaya ko biyu in zai yiwu, goge kilif ɗin da ke ɓoye a ƙarƙashi da ba a gani, warware duk wani taimlayi da ka cusa cikin wani, kilif ɗin da ya haɗa kyamara da yawa ka warware shi ya koma kilif na asali, cire rubutu da tambari da sabtaitil ka ajiye su a naka na asali don daga baya za su hau. Shot ɗin da ka yi wa Warp Stabilizer ko sulomoshin mai hawa da sauka ka yi masa renda, wato ka fitar da shi shi kaɗai a fayil mai nauyi, babu kala a kansa, ka maye gurbinsa. Sannan, kuma wannan shi ne abin da na fi so ka riƙe, ka fitar da bidiyon shaida, ƙaramin MP4 na duk kashin yadda ka yanka shi, da taimkod da sunan kilif a rubuce a jikin hoton. Resolve yana da wurin ɗora irin wannan bidiyo a gefen taimlayi, abokinka ya bi yanka bayan yanka yana kwatantawa kafin ya taɓa kala ko ɗaya. Da kun yi wannan da babu gardamar waye ya zamar da me, hoto ne zai yi magana, kuma da tun a awar farko za a gano ba bayan ya kwana yana aiki a kan shot ɗin da ba shi ba.

Yanzu koɗewar, wadda ita ce ta fi ƙona maka rai. Abu uku nake so ku duba a jere kar ku tsallake.

Na farko matakin haske. A bidiyo na talabijin baƙi yana zaune a lamba 16 ne fari a 235 in 8-bit ne, in 10-bit ne 64 zuwa 940, amma kwamfuta ita daga 0 zuwa 255 take lissafi. In aka yi renda da lissafin talabijin wata manhaja ta karanta da na kwamfuta, baƙin zai koma toka-toka fari ya dusashe, shi ne ainihin koɗewar da mutane ke kuka da ita, in aka juya kuma sai baƙi ya cushe fuskoki su nutse. Gane shi ba wuya. Ka buɗe ma'aunin Waveform mai nuna matakin haske a Premiere ka je wurin da ka san baƙi ne ƙirin, misali farkon kashi kafin hoto ya buɗe, in ka ga layin bai sauka 0 ba ya tsaya wajen 6 a ma'aunin 100, to ka kama ɓarawon. Abokinka ya shiga shafin renda ya duba Data Levels, yawanci barinsa a Auto shi ne daidai, matsala takan zo ne in wani ya mayar da shi Full don ya ji an ce wai ya fi kyau.

Na biyu Mac ɗin kansa. Ma'aunin da ake gyaran kala a kai shi ne Rec.709 da gama 2.4 (gama ita ce lambar yadda allo ke rarraba haske tsakanin baƙi da fari), wanda aka tsara don allo mai kyau a ɗaki mai duhu-duhu. Amma QuickTime da sauran manhajojin Apple in suka ga fayil mai alamar Rec.709 sukan nuna shi da gama kusan 1.96, sai hoton ya fi haske ya rasa nauyi. Fayil ɗaya ne fa, ka buɗe a QuickTime ka ga abu ɗaya, ka buɗe a VLC ka ga wani, a Premiere wani. Wannan tsohuwar rigima ce da ta addabi masu kala a duk duniya, shi ya sa Resolve ya sa zaɓin Rec.709-A, sababbin Premiere ma suna da wurin zaɓar gamar allon kallo tsakanin 2.4 da 2.2 da 1.96. Don haka tambayar da ya kamata ka yi wa furodusa ita ce, ranka ya daɗe a ina ka kalla? In ta WhatsApp aka tura masa a matsayin bidiyo ya kalla a waya a tsakar rana cikin mota, to ba aikinku ya gani ba, WhatsApp ya matse shi. A tura a matsayin dokumen, ko a ɗora a YouTube a ɓoye a ba shi link, tunda can ne shirin zai ƙare, can ya kamata a yanke hukunci.

Na uku fassarar launi. S-Log3 dama a koɗe yake fitowa daga kyamara, da gangan aka yi shi haka don ya riƙe bayanin haske da inuwa, sai an juya shi zuwa Rec.709 da LUT na Sony, wato fayil mai ɗauke da lissafin juya launi, ko da Color Space Transform a Resolve. Ita kuma iPhone tun daga 12 tana ɗaukar HDR ne in ba a kashe ba, wani ma'auni daban ke nan, shi ya sa shot ɗin waya ke fitowa da haske mai ƙuna a tsakiyar na kyamara. Kowanne sai an gaya wa manhaja daga ina ya fito da inda za shi. In abokinka ya gama ya yi renda amma alamar da ke jikin fayil ɗin ta ce har yanzu log ne ko HDR, to Premiere na yanzu yana karanta alamar ya sake juyawa da kansa, an juya sau biyu ke nan. Ka danna dama a kan kilif ɗin da ya dawo ka duba me Premiere ya ɗauke shi, in ba Rec.709 ba ne ka gyara da hannu, kuma ka tabbatar babu sauran Lumetri ko wani LUT da ka manta a saman layi yana hawa kan aikinsa.

Gwajin da zai raba gardama minti goma ne. Ka sa sandunan launin nan na gwajin talabijin a farkon taimlayi, Premiere yana yinsu da kansa, ka bi su da shot uku, ɗaya na kowace kyamara, ka tura, ya shigo da su ya fitar ba tare da ya taɓa sandunan ba, ka dawo da su ka ɗora a kan na asali ka duba ma'auni. In sun zauna daidai hanya lafiya take, in sun motsa kun san saiti ne ba ido ba. Kar ku ƙara tura kashi guda mai minti arba'in kafin minti ɗaya ya je ya dawo lafiya.

Wajen dawowa, Resolve yana da saitin renda da aka rubuta Premiere XML, yana fitar da kowane kilif daban da sabon XML. Ya sa wa kowane fayil suna na musamman, ya bar rarar firam 25 gaba da baya, daƙiƙa ɗaya ke nan, don in furodusa ya ce a ɗan ƙara tsawon kallon da jaruma ta yi kana da abin ja. Kuma don Allah kar ya fitar da su a H.264 mai matse hoto. ProRes 422 HQ ko DNxHR HQX, masu 10-bit, saboda 8-bit mataki 256 ne kawai a kowane launi shi kuma 10-bit 1024, in aka matse log a 8-bit aka sake matsewa sai ka ga sararin sama da bangon ɗaki sun yi layi-layi. Nauyi ne da su ba ƙarya, ProRes 422 HQ a 1080 da firam 25 yana cin wajen giga 83 a awa ɗaya, don haka maganar turawa da data ba ta taso ba, eksitanal za a ɗauka a hau adaidaita a kai.

Amma ni da za ka bi tawa, a wannan kashi na uku da ya riga ya rikice ku bar XML ɗin gaba ɗaya. Ka cire kala da rubutu, ka fitar da duk kashin a fayil ɗaya na ProRes ko DNxHR, ka haɗa masa da EDL na layin, wato jerin wuraren yanka, ko shi ya sa Resolve ya gano wuraren yanka da kansa, akwai Scene Cut Detection don haka. Ya gyara, ya dawo maka da fayil ɗaya, ka ɗora rubutu da sauti a kai. Babu jan allo, babu zamewa, stabilaiza da sulomoshin duk sun riga sun gasu a ciki. Abin da za ku rasa shi ne rarar firam, kuma inda hoto biyu suka narke cikin juna sai ya bi a hankali, sannan ka kula kar Premiere ya juya log ɗin kafin ya fita, a koɗensa ake so ya isa. Tunda MP4 kuka ɗauka ba RAW, ɗanyen bayanin kyamara, ba, asarar inganci ba wadda ido zai gani ba ce. Sharaɗin kawai shi ne an rufe yanka. Furodusa ya kalla ya ce na amince, a rubuce ko da a saƙon waya ne, daga nan duk canjin da ya biyo baya aiki ne sabo da kuɗinsa. Rashin wannan ne ke kashe ƙananan editoci a garin nan, a gama kala a ce a cire sin guda a dawo da wanda aka jefar.

Batun ko ka koma Lumetri. Don bikin da aka ɗauka da kyamara ɗaya ko biyu kuma ana jira jibi, Lumetri ya isa, tun 2015 yake cikin Premiere kuma yana daidaita fari da haske da fata ba matsala. In kana son kalar abokinka a bikin ma, ya yi maka LUT daga Resolve ka riƙa ɗorawa, ka dai sani LUT launi da haske kawai yake ɗauka, ba ya ɗaukar zagayen da aka yi wa fuska ana binta, ba ya ɗaukar goge ƙurar hoto. Amma shiri mai kashi-kashi da kyamara uku da dare da rana da ɗaki da waje, wanda dole rigar jarumi ta zama launi ɗaya daga kashi na ɗaya har na ƙarshe, wannan aikin mai kala ne, kuma Resolve tun asali don shi aka gina shi kafin Blackmagic Design su saye shi a 2009 su ƙara masa yanka da sauti. Ka sauke na kyauta ka riƙa koyo a lokacin da ba ka da aiki, yana fitar da har Ultra HD, in hannunka ya faɗa nan gaba sai ku riƙa aiki a furojet ɗaya ba XML a tsakani. Ba dai a tsakiyar shirin mutane ba.

Sai abu ɗaya da nake roƙonku ku biyun tunda kun zo gyara. In furodusa ya ce hoton ya yi duhu a haskaka fuskoki, ku bambance tsakanin fuskar da ba ta samu haske ba da fatar da Allah ya yi ta baƙa. A Vectorscope, ma'aunin launi, akwai layin fata, baƙi da fari duk a kusa da layin nan launinsu ke zama, bambancin a yawan haske ne kawai. In aka ja hasken baƙar fata sama don ta yi fari sai ta koma toka, jan da ke cikinta ya mutu, kuma ita ma koɗewa ce da babu saitin da zai gyara ta. Ina jin ciwon ganin ana yi wa 'yan wasanmu da amarenmu haka.

Abokinka kuma kai za ka fara kira, yau ba gobe ba, kuma ba saƙo ba, kira. Ka ce masa ka gano sunayen fayil sun yi karo kuma na waya ba a juya su ba, ka ba shi haƙuri a kan wannan, kar ka tsaya jiran ya amsa nasa kason, zai gani da kansa in kun zauna gaban ma'auni. Ka ɗauki laftof da eksitanal ka je wajensa ku yi gwajin sandunan tare, ku gyara sin ɗaya cikakke, ku ɗora a YouTube a ɓoye, sannan ku je wajen furodusa ku biyu ku nuna masa a wayarsa da kuma allon da aka yi aikin. Ku ba shi ranar da sauran zai fito, ku nemi ya saki rabin ragowar kuɗin yanzu rabi ranar miƙawa, kuma kafin a fara kashi na huɗu ku rubuta saitinku a takarda ɗaya, firam 25, Rec.709 gama 2.4, irin fayil ɗin da za a miƙa, tsarin sunaye, da wanda zai kashe HDR a wayar kafin a ce akshin.